Rumbun da na gina a cikin tsohuwar kwamfuta

A shekarar 2009 ina riƙe da ɗan shagon intanet a Gaya, kan hanyar gadar Malanbil. Kwamfuta takwas, layi ɗaya. Idan ɗalibai suka cika shagon, sai ka sha shayi ka dawo shafi bai gama buɗewa ba, alhali kuɗin awa na tafiya.

Nijar ba ta da teku. Intanet ɗinmu a Kwatano yake fitowa daga wayar SAT-3 ta ƙarƙashin ruwa, ya ratsa Benin kamar manyan motocin kaya. Abin da ya dame ni shi ne, mutum ashirin za su nemi shafi guda, kuma kowane ɗaya sai an je Faransa ko Amurka an ɗauko masa.

Sai na ɗauki wata tsohuwar kwamfuta na sa mata Linux da manhajar Squid. Aikinta irin na ɗan aike ne mai rumbu: na farko ya nemi shafi, ta je ta ɗauko, ta ajiye kwafi, na biyu ya nema, ta miƙa masa nan take. Na ware mata wuri a faifai da cache_dir, na juya sauran kwamfutocin su riƙa bi ta ƙofarta mai lamba 3128. Shago ya yi sauri. A ƙarshen Yulin wannan shekara, da SAT-3 ta samu matsala, ɗan abin da ke rumbun ya rage mana zafi.

Daɗi ya ja ni ga zari. Na gyara refresh_pattern, na tilasta mata riƙe shafuka har mako guda ba tare da ta tambayi tushensu ko sun canza ba. Wata yarinya tana zuwa kullum duba sanarwar wata jarrabawar shiga makaranta a Yamai. An matso da ranar rufe karɓar takardu, amma rumbuna ya ci gaba da nuna mata tsohuwar rana. Ta rasa shekarar.

Mahaifinta ya zo bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Malam, hatsin bara ka auna mata." A daren na cire dokar, na bar kowane shafi ya faɗi wa'adinsa da kansa.

Yau yawancin shafuka a kulle suke tafiya da HTTPS, irin rumbuna ba ya ganin cikinsu. Masu shafukan ne ke girka nasu a gaban sabarsu don ta ɗauki cunkoso, kamar ranar fitar sakamakon jarrabawa. Duk matashin da ya tambaye ni yadda ake saita shi, kafin mu yi maganar sauri nakan tambaye shi: wane shafi ne idan ya kwana zai cuci wani?