Daga Gwanghwamun zuwa Yongin: wa zai karanci Koriya a madadinmu?

A dandalin Gwanghwamun da ke tsakiyar birnin Seoul akwai mutum-mutumin Sarki Sejong, yana zaune a kan karaga da buɗaɗɗen littafi a hannu. Can na fara zuwa washegarin saukata a Koriya ta Kudu, inda na je wani taron masana cikin watan Oktoba. Wannan sarki ne ya ƙirƙiro rubutun Hangul a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, domin talakan da ya kasa koyon rubutun Sinanci ya samu abin da zai rubuta harshensa da shi. A yau haruffan 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma 9 ga Oktoba ranar hutu ce saboda su. A cikin jirgi na haddace su, har na riƙa karanta sunayen tashoshin jirgin ƙasa ina jin daɗi. Daɗin bai daɗe ba, domin ina furta abin da ke allo amma ban san me yake nufi ba.

Kwana uku bayan haka aka kai ni Yongin, kudu da Seoul, inda Jami'ar Hankuk ta Nazarin Harsunan Ƙetare take da reshe a tsakanin duwatsu. An kafa jami'ar a 1954, shekara guda bayan tsagaita wutar yaƙin Koriya, kuma sashenta na nazarin Afirka yana koyar da Swahili da Zulu da Hausa. Wata ɗaliba ta ɗan rusuna ta ce mini, "Sannu da zuwa, Malam, yaya hanya?" Na amsa cikin murna, amma a hanyar komawa tunani ya dame ni. Ƙasar da ta tashi daga kangon yaƙi ta ga dacewar ta tanadi 'ya'yanta masu jin harshenmu. Mu kuwa muna sayen wayoyinsu da motocinsu, mun kalli Jumong a ɗakunanmu, kamfanin Daewoo ya karɓi aikin gyaran matatar mai ta Kaduna a 2023, amma mutum nawa gare mu da za su zauna a teburin ciniki su ji abin da Bakoriye ke faɗa wa ɗan'uwansa?

Tun daga nan na mayar da sauran kwanakina na neman amsar tambayar da ɗalibaina suka saba yi mini: idan mutum ya gama digirin farko, me zai je ya karanta a can? Ƙofofi uku na gani.

Ta farko ita ce ta harshe. A unguwar Sinchon, Jami'ar Yonsei tana da cibiyar koyar da Koriyanci ga baƙi tun 1959, kuma manyan jami'o'i da dama suna ba da digiri na biyu da na uku a harshe da adabi da dabarun koyar da shi. Ma'aunin da ake dubawa shi ne jarrabawar TOPIK mai matakai shida. Mataki na uku yakan buɗe ƙofar shiga, amma wanda zai rubuta kundin bincike da Koriyanci sai ya wuce nan sosai.

Ta biyu ita ce ta al'ada da tarihi. A Seongnam na ziyarci Cibiyar Nazarin Koriya wadda aka kafa a 1978, mai makarantar karatun gaba da digiri. A nan ɗakin adana littattafai na Jangseogak yake, inda aka ajiye takardun gidan sarautar Joseon. Da na ga yadda suke tattalin tsofaffin takardu, sai rubuce-rubucenmu na ajami da gara ke ci a zaurukan malamai suka faɗo mini a rai.

Ta uku ita ce ta ilimin gudanarwa, kuma ita ce ta fi jan matasanmu saboda akasari da Turanci ake koyarwa. KAIST tana da makarantar kasuwanci a Seoul. A birnin Sejong akwai makarantar KDI mai koyar da tsara manufofin gwamnati da gudanarwa. A Gyeongsan kuma Jami'ar Yeungnam tana da makarantar da ke nazarin Saemaul, shirin raya karkara da aka fara a 1970.

Batun kuɗi ma yana da hanya. Gwamnatin Koriya tana ba da tallafin karatu na GKS, wanda ya ƙunshi kuɗin jirgi da na makaranta da alawus na wata-wata. Ana nema ta ofishin jakadanci ko ta jami'a kai tsaye, kuma ana bukatar mai nema ya kasance ƙasa da shekara 40, da sakamako mai kyau. Yawancin waɗanda suka samu sukan fara da shekara guda ta koyon harshe zalla, sannan shekara biyu ta digiri na biyu ko uku ta digirin digirgir.

Wasu ɗalibai suna ɗaukar wannan shekarar harshe a matsayin ɓata lokaci. Ni a ganina ita ce ribar tafiyar, ko da gudanarwa mutum ya je karantawa. Ana iya koya maka da Turanci cewa Samsung ya fara ne a Daegu a 1938 da cinikin busasshen kifi da kayan abinci, da yadda gwamnati ta raini manyan kamfanonin iyali da suke kira chaebol, da yadda rikicin kuɗi na 1997 ya girgiza su. Sai dai yadda ake tafiyar da ofis a cikin harshen yake. Ƙarshen kalmar aiki yakan canza gwargwadon matsayin wanda kake magana da shi, shi ya sa sabon sani yakan tambayi shekarunka tun da wuri. Ba a kiran na gaba da sunansa tsirara, sai da muƙaminsa. Bahaushen da ya tashi da "ranka ya daɗe" ba zai ga wannan baƙon abu ba, amma wanda bai ji harshen ba zai fito daga taro bai san wa ya yanke shawara ba.

Ba zan ɓoye wahala ba. Sanyin Janairu yana kai ruwa ga daskarewa, naman alade ya yawaita a abinci, kuma liyafar bayan aiki, inda ake ƙulla zumunci da malamai da shugabanni, giya ce ginshiƙinta. Na yi Juma'a a babban masallacin Itaewon da aka buɗe a 1976, inda ake samun abincin halal a kewaye, amma ɗalibin da aka tura ƙaramin gari dole ya koyi girki. Ya kamata kuma mu san dalilin da ya sa ake maraba da mu. Ma'aunin haihuwa a ƙasar ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, ajujuwa suna raguwa, kuma gwamnati ta sa burin samun ɗaliban waje 300,000 zuwa 2027. Suna da bukatarsu, don haka mu ma mu je da tamu.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya fara tun daga gida. Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja tana koyar da harshen, kuma haruffan ba sa cin mako guda. Ya zaɓi fanninsa da tambayar da zai dawo ya amsa mana, ko ta raya karkara ce, ko ta adana tarihi, ko ta masana'antu. Jami'o'inmu kuma su tura matasan malamai da niyyar su dawo su buɗe sashe, kamar yadda aka yi wa Hausa a Yongin.

Da zan bar Yongin, ɗalibar nan ta tambaye ni ko akwai masu karanta Koriyanci a jami'armu. Na ce mata babu tukuna.