Waƙa A Bakin Mai Ita

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birni zamanin da gidajen sinima ke tashe, da wuya ya manta da daren fim ɗin kaboyi. Mu dai ba mu manta ba. Tun la'asar ake fara harhaɗa kuɗin shiga, wani da ribar tallar gyaɗa, wani da canjin aike, a samu a kutsa a zauna bencin gaba, inda sai mutum ya ɗaga wuya kafin ya ga allo. To, da zarar an nuno waɗansu mutane bisa dawaki sun ɓullo daga bayan dutse, da gashin tsuntsu a ka, suna kururuwa, sai gida ya ɗauka, "Ga Indiyawan daji nan!" Kaboyi ya zaro bindiga, harsashi ɗaya mutum ɗaya, su yi ta zubowa kamar ana kaɗe mangwaro, mu kuwa muna tafi muna fito. Kashegari in za a yi wasan kaboyi a unguwa, sai an kai ruwa rana kafin a sami wanda zai yarda ya zama Ba'indiyen daji, domin kowa ya san aikinsa ɗaya ne, wato ya faɗi.

Ba mu taɓa tambayar sunan mutumin da ke faɗuwa ba, balle mu tambayi ko yana da uwa a gida, ko kuwa me ya fito da shi. Sai da girma ya zo muka gane ashe ƙasar tasa ce, kaboyi shi ne baƙo. Da muka fara riƙe alƙalami kuma sai muka gane wani abu da ya fi wannan ciwo: kafin harsashi ya same shi a allo, wani ɗan'uwanmu marubuci ne ya zauna a ɗaki ya rubuta cewa ya faɗi.

Abin da ya tuno mana da wannan tsohon laifi namu shi ne bukukuwan fina-finai da irin waɗannan al'ummu, wato 'yan asalin ƙasa da baƙi suka mamaye, suka kafa wa kansu. A Amurka an fara bikin fina-finan Indiyawan ƙasar a birnin Seattle a 1975, daga baya ya koma San Faransisko. A Toronto ta Kanada akwai imagineNATIVE, wanda ake yi tun 2000, kuma sharaɗinsa shi ne a sami ɗan asalin ƙasa cikin masu riƙe da ragamar fim, ko darakta, ko marubuci, ko mai shiryawa. A Niyu Zilan, Maori suna da nasu a ƙaramin garin Otaki tun 2014. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne na Samawa, makiyayan barewar ƙanƙara da ke arewacin Turai. Tun 1999 suke taruwa a ƙauyen Inari na ƙasar Finlan cikin watan Janairu, a ƙarshen dogon duhun hunturu, har su gina dandalin kallo da ƙanƙara a fili, mutane su zauna cikin wannan uban sanyi domin kawai su ji ana magana da harshensu a allo.

Mai karatu zai ce, to, biki dai ai biki ne, a ci a sha a raba kyauta a watse. Haka mu ma muka ɗauka, sai da wani aboki ya kawo mana faifan wani fim mai suna Atanarjuat, na mutanen Inuwit da ke can ƙuryar arewacin Kanada. Kusan awa uku muka yi a zaune, ba mu jin ko kalma ɗaya sai abin da muka karanta a ƙasan allo, amma ba wanda ya motsa. Labarin gaba ne tsakanin dangi, da kishi, da cin amana. An auka wa wa da ƙane suna barci a tanti, aka kashe wan, ƙanen ya tsere tsirara, ba ko takalmi, yana sheƙa gudu a kan ƙanƙara, maƙiya na biye da shi. A nan muka tsinci kanmu muna yi wa mutumin da a da za mu kira ɗan daji addu'ar Allah ya kuɓutar da shi.

Tarihin fim ɗin ya cancanci kowane marubuci ya tsaya a kansa. Ba shi ne karo na farko da aka nuna Inuwit a allo ba. Tun 1922 wani Ba'amurke, Robert Flaherty, ya yi fim a kansu mai suna Nanook of the North, wanda ya zaga duniya. Sai dai mutumin da ya fito a ciki sunansa Allakariallak, mai fim ne ya raɗa masa Nanook. An sa shi farauta da mashi alhali ya saba da bindiga, an kuma nuna shi yana cizon faifan garmaho kamar wanda bai taɓa ganin abin zamani ba. Duniya ta kalla ta yi dariya, ta ce ta san Inuwit.

Shekaru suka shuɗe. Mutanen garin Igloolik, inda aka yi Atanarjuat, sau biyu suna ƙin a kawo musu talabijin a shekarun 1970, saboda babu shiri da harshensu. A cikinsu ne wani saurayi masassaƙi, Zacharias Kunuk, ya sayar da sassaƙe-sassaƙensa a 1981 ya sayi kyamarar bidiyo. A 1990 shi da abokansa suka kafa kamfanin Isuma. Amma wanda ya fi jan hankalinmu a cikinsu shi ne marubucin, Paul Apak Angilirq. Labarin Atanarjuat tatsuniya ce ta kaka da kakanni, kowa ya san ta, shi ma ya ji ta tun yana yaro. Duk da haka bai dogara da abin da ya sani ba. Ya bi dattawa takwas ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba shi yadda ya ji ta, ya ɗauka, ya zo ya tace, aka rubuta da harshen Inuktitut. Ya rasu a 1998, bai ga fim ɗin ba. Da aka gama, mutanen Igloolik aka fara nuna wa a ƙarshen 2000, kafin a kai shi bikin Cannes na Faransa a 2001, inda ya ci kyautar fim ɗin farko na darakta. A 2015 masana da bikin Toronto ya tambaya suka zaɓe shi fim mafi daraja a tarihin Kanada.

A lura da yadda abin ya jeru: dattijo ya faɗa, marubuci ya rubuta, 'yan gari suka gani suka yarda, sannan duniya ta tafa. Mu sau da yawa ta ƙarshen muke farawa. Mukan zauna rubutu muna tunanin abin da zai burge alƙalin gasa na wata ƙasa, sai mu cika labari da rawani da algaita da kalangu, kamar mai jera kaya a rumfar 'yan yawon buɗe ido. Wannan ma wani Nanook ne, sai dai a wannan karon mu muka miƙa wa kanmu faifan muka ciza.

Kada kuma a ce abin bai shafe mu ba. A 1987, a bikin FESPACO na Wagadugu, fim ɗin da ya ci babbar kyauta shi ne Sarraounia na Med Hondo, labarin Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa a Nijar, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ne ya rubuta littafin, da Faransanci, a 1980. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma Sarauniyar da ta fito a allo ba da Hausa take magana ba. Muna yi wa waɗanda suka yi shi godiya, amma muna tambayar kanmu inda muke. Ga kuma Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim da Hausa a 1976. Shekara da shekaru ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin Berlin a 2018. Mu da muke da shi, da yawanmu har yau ba mu gan shi ba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai ɗaci. Hausa ba ƙaramin harshe ba ne da ke neman mafaka irin na Inuwit ko Samawa. Miliyoyi ke magana da shi, har ma akwai ƙananan harsuna a maƙwabtanmu da yaransu suka bar na iyayensu suka kama namu. Ke nan a namu allon, sau da yawa mu ne kaboyi. Mu duba littattafanmu da wasanninmu da fina-finanmu tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau: in an shigo da Bamaguje, ko Bagware, ko Bafillatanin ruga, ko ma Bahaushen ƙauye, sau nawa aka ba shi suna da uwa da dalili? Ba yawanci don ya karya harshe a yi dariya ake kawo shi ba? Mu kanmu mun taɓa rubuta irin wannan a wani ɗan wasan kwaikwayo, aka yi ta ƙyaƙyatawa, muka koma gida muna jin mun iya. Laifi tudu ne.

Don haka, 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ba sai mun je Inari mun sha sanyi ba kafin mu ɗauki darasin. Akwai tsohuwa a gidanku da ta san yadda aka kafa unguwarku, akwai maharbi, da masunci, da ungozoma, da wanzami, waɗanda in sun tafi sun tafi da abin da suka sani. A je a durƙusa a gaishe su, a saurara, kuma kada a tsaya kan mutum ɗaya. In an rubuta, a koma a karanta musu kafin a kai wa kowa. In kuwa labarin wata al'umma ne da ba tamu ba, a tambaye su, ko ma a taimaka wa ɗansu ya rubuta da kansa, tun da masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Tafin da muka yi a bencin gaba ya riga ya wuce, ƙuruciya ce, Allah ya yafe mana. Amma yanzu alƙalamin a hannunmu yake, kuma akwai yara a zaune suna jiran su ga wanda za mu ce ya faɗi. Allah ya sa mu yi adalci.