Mun Sa Wa Kunkurun Alhaji Allura Uku

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyarin tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, ya san gabanta ba tarkace. Maleji ne, sai gejin fetur, sai 'yan fitilu biyu a gindin malejin: ja ta caji, koriya ta baƙin mai. Iyakar bakin da injin yake da shi na yi wa direba magana ke nan, kuma ba ya buɗe shi sai magana ta kusa ƙarewa.

Matasanmu na yanzu ba su san darajar wannan mota ba. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Ojo, kan hanyar Legas zuwa Badagry, shi ya sa har gobe ake kiran tashar wurin Volks. A shekarar ne kuma Peugeot ta fara fitowa daga Kaduna, ga kuɗin Udoji a hannun ma'aikata. Marigayi mahaifinmu da ribar goro ya sayi tasa a ƙarshen shekarun 1970, da ita ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ibadan da Shagamu, mu kuma muka gaje ta. Ta ƙarshe a irinta ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko a 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21. To kun ga inda matsalar take. Injin Toyota in ya buga da hantsi, kafin la'asar an samo na Tokunbo a Gate. Na kunkuru kuwa sai an yi cigiya har Ladipo, kuma ba lallai a dace ba. Wanda ke cikin motar shi ne jarinmu, in ya tafi mota ta zama ɗakin kaji.

Injin nan ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Iska ce ke sanyaya shi, da kuma baƙin man da bai wuce lita 2 da rabi ba. Fankar da ke hura iskar tana jikin dainamo, fanbel ɗaya ke juya su tare. Saboda haka in jar fitila ta kama a kan tafiya, ba batir kaɗai ake ji wa tsoro ba, wataƙila fanbel ne ya tsinke, injin yana dahuwa a bayanka. Wannan gargaɗi ne mai kyau. Amma a ce leda ko tsumma fankar ta zuƙa, abin da ba wuya a titunanmu, fanbel lafiya lau, dainamo na caji, fitila shiru, iska kuwa ta toshe. Ba abin da zai gaya maka sai ƙauri.

Ita ma koriyar haka take. Ɗan makunninta ba ya tashi sai ƙarfin turin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar, alhali injin mai lafiya a kan babbar hanya yana son bar 2 ko fiye. Tsakanin 2 da rabi akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe a hankali ba mai labari.

Mu 'yan goro ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wa ke ajiye huhu ya jira sai wari ya taso kafin ya kwance? Ai lokaci-lokaci ake buɗewa, a duba, a tsince mai sankara, a sake ganyen fita, a mayar a ɗaure. Wanda ya jira wari, asara ya je ƙirgawa. Fitila ita ce warin. Allura kuwa ita ce buɗe huhu kullum.

Da muka kawo shawarar sa geji, gida ya rabu biyu. Yayanmu ya ce wallahi ba mai huda gaban motar Alhaji yana raye, yadda ya bar ta haka za ta zauna. Ƙaninmu kuma, mai son zamani, cewa ya yi a tsige fitilun gaba ɗaya a jera agoguna kamar jirgin sama. Kowa da gaskiyarsa rabi. Gaban kunkuru ƙarfe ne, in aka yanke ba ya komawa, kuma masu neman irin waɗannan motoci wadda ba a taɓa ba suka fi daraja. Su kuma fitilun, cire su ganganci ne. Direban da ke kokawa da 'yan Micra da 'yan acaɓa a Mokola ina ya ga sukunin karanta allura? Amma jar wuta ko ta wutsiyar ido za ta fizge shi. Ga wanda ya sauya dainamo da altaneta ma abin ya fi haka, don ta cikin wannan ƙwan fitilar wutar da ke tayar da caji take bi. Ka cire shi, caji na iya ƙin tashi.

Sai muka tsaya a tsakiya. Aka lanƙwasa ɗan faranti aka ɗaura a ƙarƙashin gaban motar da noti biyu, ranar da aka so a kwance ba tabo. A jikinsa geji uku masu faɗin milimita 52: na ƙarfin turin mai, na zafin mai, da na wutar batir. Fitilun Alhaji suna nan inda suke.

Ga wanda zai yi irin wannan, ga abin da muka tsaya a kai da rewaya. Na farko, geji mai aiki da waya za a saya, ba mai siririn bututun da ke kawo mai har gaban direba ba. Injin kunkuru a baya yake, bututun zai ratsa tsawon mota, ranar da ya tsage man zai tsiyaye, wataƙila ma a ƙafarka da zafinsa. Na biyu, kowane geji da abin aunawarsa ake sayensu tare, in aka haɗa na wannan kamfani da na wancan allura ƙarya za ta yi ta shararawa. Na mai akwai mai baki biyu, ɗaya na geji ɗaya na fitila, yana shiga ramin tsohon makunnin a ƙasan distiributa. Kada a naɗa masa farin tef, don ta jikin zaren yake samun at, kuma kada a matse da ƙarfin tuwo, gangar injin nan ba ta da taurin baƙin ƙarfe, tana tsagewa. Na uku, mun ƙi gejin amfiya duk da rewaya ya so shi. Batir ɗin kunkuru a ƙarƙashin kujerar baya yake, jawo katuwar waya mai ɗauke da dukkan wuta zuwa gaba neman gobara ne. Na bolt siririyar waya da fis sun ishe shi.

Sati biyu na farko ba mu yi komai ba sai kallo, don allura ba ta da amfani ga wanda bai san mazauninta ba. Ta batir tana zama tsakanin 13.5 da 14.5 in injin na aiki. Ta mai da asuba tana sama don man ya yi kauri, in ya ɗumama ta sauko, a gosulon Iwo Road ta kwanta ƙasa da 1, da an taka ta miƙe. Ta zafi ce ta ba mu labarin da ba mu nema ba. Man da ya kamata ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 105, kafin mu kai Oyo ya doshi 120, fitilu biyu kuwa ko ƙyaftawa. Da aka leƙa, ashe wani makaniken da ya taɓa sauke injin bai mayar da faranti ɗaya na ƙarfe da robar da ke zagaye da injin ba, wai ado ne. Su ne ke hana iska mai zafi ta ƙasa komowa cikin fanka. Aka nemo aka mayar, allura ta koma gidanta. Kuɗin gejin duka bai kama ƙafar kuɗin buɗe injin ba.

Saura abu ɗaya, ya shafi har masu sababbin motoci. Kullum in an murɗa makulli kafin a tayar, a duba fitilun sun kama. Wadda ba ta kama ba ƙwanta ya mutu, ko kuma an cire shi da gangan don a rufe aibi a sayar, kuma kowa ya san ana yi. Mai shirin tafiya gida Arewa da iyali, ta Ogbomosho da Ilori da Jebba zuwa Mokwa, ya tuna akwai wuraren da ba a son mota ta mutu bayan magariba.

Mai son gani da ido ya same mu a shago bayan la'asar, kunkurun na nan a ƙofa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mu a hanya.