Izinin Ɗaukar Hoto a Garin Layin Dogo

Mutanen Fantswam sun riga jirgin ƙasa zama a Kafanchan, amma jirgi ne ya mai da ƙauyensu alƙarya. A shekarar 1927 ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya haɗu a nan da na Kaduna, sa'an nan wani reshe ya hau tudu ya nufi Jos domin kwaso kuza. Bayan da aka miƙa wannan reshe daga Kuru zuwa Bauci da Gombe har Maiduguri a 1964, sai ya zamana kusan duk matafiyin da ya fito daga gabas ya nufi arewa a jirgi, dole ya ga fitilun tashar Kafanchan. Inyamurai da Yarbawa da Hausawa da Bajju da Atyap da Kagoro suka cakuɗe a kwatas ɗin reluwe, Hausa ta zama harshen cinikinsu da na faɗansu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka ci tuwo da wannan layi, domin kuwa a loko ya yi aiki, inda ake gyaran kawunan jirage. Hotonsa guda ɗaya muke da shi, wanda aka ɗauka a shagon mai hoto ranar wata Sallah, yana sanye da babbar riga, a bayansa an rataye labule mai zanen wani lambu da babu irinsa a ƙasar nan. Hannuwan da na sani, masu baƙin mai har cikin farce, ba su fito a hoton ba. A zamaninsu kyamara ce ta yi wuya. A zamaninmu kuwa kowane yaro yana da ita a aljihu, abin da ya yi wuya shi ne izini.

Bara waccan wasu ɗalibaina huɗu, 'yan asalin kudancin Kaduna, suka ƙudurta shirya ɗan gajeren fim a kan tsofaffin ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya a garin. Nufinsu shi ne su kai kowane dattijo wurin da ya yi aiki, ya tsaya a nan ya ba da labari, domin sun lura cewa tsoho ya fi tuna abu idan ƙafarsa tana kan wurin. Suka fara da wani tsohon ginin hukuma, wanda ba zan kama sunansa ba. Suna kafa ƙafar kyamara sai maigadi ya taso, dattijo ne mai furfura, ya gaishe su da kyau, ya ce, "'Ya'yana, ina takardarku?" Suka ce, "Baba, wace takarda?" Ya ce, "Ta izini mana. Ni ma ban taɓa ganinta ba, amma an ce in tambaya." Ya tura su wurin akawu, akawu ya ce su rubuto wasiƙa, aka karɓi wasiƙa aka sa a fayil, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Da ya dawo sai ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, sai an ji daga sama. Hutu ya ƙare, ba a ce musu i ba, ba a kuma ce musu a'a ba.

Ba na cikin masu ganin laifin wannan dattijo, ba na kuma cikin masu cewa dukiyar gwamnati ta kowa ce, don haka kowa ya shiga ya yi abin da ya ga dama. Kayan jama'a amana ne a hannun hukuma, mai riƙon amana kuwa yana da ikon tambayar wanda ya zo. A asibiti akwai marar lafiyan da bai yarda a nuna wa duniya kwanciyarsa ba. A kan layin dogo akwai haɗari ga mai ɗaukar hoton kansa, ga kuma ɓarayin ƙarfe da suka daɗe suna kwance dogo suna sayarwa, waɗanda ba abin mamaki ba ne su fara da zuwa duba wuri. Bugu da ƙari, garin da ya ga tashin hankalin watan Maris na 1987, ya kuma ga na bayan zaɓen 2011, ba za a ce ya yi wauta ba idan ya ɗaga kai ya dubi baƙon da ke auna gine-gine da na'ura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da ke damuna shi ne ƙofar da aka ce a bi ba a nuna inda take ba. Ɗalibai da yawa suna zaton Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da Doka ta 85 ta 1993, ita ce ke ba da wannan izini, alhali aikinta ya fi shafar fim bayan an gama shi, wato dubawa da tantance shekarun masu kallo da lasisin rarrabawa. Haka ita ma Hukumar Fina-finai da ke Jos, wadda dokar kafa ta ta fito a 1979, ba ita ke riƙe da mabuɗin gine-ginen wasu ba. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda ake yawan tsoratar da mutane da sunanta, abin da ta hana shi ne ɗaukar hoton wuraren tsaro da aka keɓe da nufin cutar da ƙasa, ba kowane gini mai tuta a gabansa ba. Saura kuwa sai mai wuri ya yarda, masu wuri kuma a gari irin namu sun yi yawa. Tasha da loko da kwatas na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1955, hedkwatarta tana Ebute Metta a Ikko, ko da yake Kafanchan ce cibiyar ɗaya daga gundumominta. Makarantu da yawa na jiha ne. Kasuwa tana hannun ƙaramar hukumar Jama'a. Wanda ya nufi duwatsun Kagoro ko magangarar ruwa ta Matsirga kuwa, ladabi ya ce ya fara gaida masu sarautar wurin. In kuma jirgi marar matuƙi zai tayar domin ɗauko garin daga sama, tun 2016 sai da yardar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Yaron da kuɗin motarsa ma karo-karo aka yi masa, ta ina zai fara?

Mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya mun san yadda jirgin ƙasa ya zame musu tamkar ɗan wasa. A fim ɗin Dil Se na 1998, a kan rufin jirgi yana tafiya a tsaunukan Nilgiri aka yi rawar nan da ta zaga duniya. Ba shiga suka yi da ƙarfin tsiya ba. Hukumar jiragensu tana da ƙa'ida sananniya, ana nema, ana biyan kuɗi, ana ɗaukar alhakin ɓarna idan ta faru. Birnin New York na Amurka ma tun 1966 magajin garinsa, John Lindsay, ya buɗe ofis guda wanda mai fim zai je ya karɓi takarda guda. Waɗannan wurare ba su fi mu sakaci da tsaro ba, sai dai su sun rubuta sharuɗɗansu, har mai nema ya san abin da zai kawo da ranar da zai ji amsa, maigadi kuma ya san kamannin takardar da yake tambaya.

Abin ban haushi ma shi ne, rashin tsarin ba ya hana ɗaukar hoto, zaɓen wanda zai hana kawai yake yi. Mai waya yana wucewa ya ɗauka a sace ya watsa a Facebook kafin a ankara. Mai kuɗi ya san hannun da zai cusa wa ɗan goro. Wanda ake tsayarwa shi ne wanda ya zo da sallama, da wasiƙar jami'a, da kyamara a fili, wato mutumin da ya fi kowa cancantar a bar shi. Da za a ce kowace ma'aikata ta manna takarda ɗaya a ƙofarta, ta faɗi ofishin da za a je, da kuɗin da za a biya a karɓi rasit, da rangwame ga ɗalibai, da wuraren da ba a yarda a nuna ba, da kwanakin jiran amsa, da ni kaina sai in fi kowa tsananta wa ɗalibaina su bi ta.

Gaggawar da nake ji tana da dalili. Zirga-zirgar jirage a wannan layi ta ja baya ƙwarai, sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma bai biyo ta nan ba. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma ina cikin masu addu'ar ya iso mana. Amma mai gyara ba ya zuwa da tausayin tsohon ƙarfe. Ranar da ya iso, tsofaffin taragu da sanduna da allunan da suka yi saura za su tafi wurin masu awon gwangwan, abin da tsatsa ta rage, fenti ya rufe.

Ɗaliban nan dai ba su yar da aikin ba. Sun bi dattawan gida-gida, suka ɗauke su a zaure da gindin mangwaro, inda izinin maigida ya isa. Na kalli abin da suka haɗo, minti ashirin da 'yan kai. Akwai wani tsohon mai juya layi da ya haura shekara tamanin, da aka tambaye shi yadda tashar take a da, sai baki ya gaza masa, ya ce wa jikarsa, "Ke, miƙo mini sandata." Ya share ƙasa da tafin ƙafa, ya ja layin Kaduna, ya ja na Makurɗi, ya karkato da na Jos, ya dangwala inda loko yake da inda mata ke sayar da doya da rake ta taga. Yana cikin nuna inda shi yake tsayawa da fitila aka kira sallar la'asar, ya ce su kashe na'urar sai ya dawo.