Tsoron da ke Ƙarƙashin Rawani

Sarki ba ya wayar gari haka kawai ya ce zai yi wa addini karan-tsaye. Yawanci tsoro ne ke jan sa, kuma tsoron mai mulki ya fi na talaka ɓarna, domin shi yana da dogarai.

Labarin Yerobowam ɗan Nebat na fara jin sa ne daga bakin wani maƙwabcinmu Kirista a Sabon Garin Gusau, dattijo mai karanta Littafin Sarakuna da Hausa kowace safiya. Bayan rasuwar Annabi Sulaimanu mulkin Bani Isra'ila ya rabu biyu, ƙabilu goma na arewa suka bi Yerobowam. Sai dai ɗakin ibada yana Urushalima, a ƙasar abokin hamayyarsa. Ya lissafa cewa muddin jama'arsa suna zuwa can yin hadaya, wata rana zukatansu za su koma can gaba ɗaya. Sai ya sa aka ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel, ɗaya a Dan, ya naɗa limaman da ya ga dama. Ya yi shekara 22 a kan gado, amma littafin bai sake shi ba: sarakunan arewa da suka biyo baya, kusan kowanne da zunubinsa ake auna shi, har Assuriyawa suka ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa.

Da na ji haka, Nafata Sarkin Gobir ne ya faɗo mini a rai. Shi ma ganin jama'a yake yi suna kwarara zuwa Degel wajen Shehu Usmanu, wanda ya riga ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Nafata bai ƙera gunki ba, shela ya sa aka yi: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga, maza su ajiye rawani, mata su ajiye mayafi. Mai jin tsoron ƙyallen da ke kan talaka, ai kursiyinsa ya riga ya fara rawa. Ɗansa Yunfa ya gaji tsoron, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Abu ɗaya ne ke hana ni yanke hukunci da sauri. Tarihin Yerobowam mutanen Urushalima ne suka adana shi, na Nafata kuwa waɗanda suka ci Gobir. Duk sa'ad da motarmu ta doshi Tsafe muka gifta ta 'Yandoto, nakan tuna cewa malamai ne masu littattafai suka zauna a nan, suka ƙi bin jihadi, har Muhammadu Bello ya yaƙe su. Hujjar Bello mun karanta ta a makaranta. Tasu kuwa babu malamin da ya taɓa karanta mana ita.