Abin Da Muka Gano A Titin Shanzelize

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Da muka sauka birnin Faris, sai mai masaukinmu ya ce ba mu ga gari ba tukuna sai mun taka titin Shanzelize. Mu kuwa da yake 'yan kasuwa ne, kantuna muka tafi kallo, amma abin da ya riƙe mana ido shi ne itatuwa.

Titin ya tashi daga dandalin Konkod ya miƙe sak har babbar ƙofar nan ta Arc de Triomphe, tsawonsa kusan kilomita 2, faɗinsa mita 70. Kashin farko lambu ne, ciyawa kore shar da manyan itatuwa. Daga shataletalen tsakiya, inda aka ƙawata da furanni, sai kantunan turare da tufafi masu tsada su fara, kowane gefe da layi biyu na itacen da Faransawa ke kira platane. Ana yi musu aski daidai wa daida kamar an ja zare, an kuma rufe gindinsu da ragar ƙarfe don ruwa ya shiga, ƙafa kuma kada ta danne ƙasar.

Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Tun 1667 André Le Nôtre, mai kula da lambunan Sarki Luwi na 14, ya fara jera itatuwa a wurin, lokacin yana fadama da gonaki. A gyaran da aka kammala a 1994 aka hana ajiye motoci a gefen titin, aka faɗaɗa wurin tafiyar masu ƙafa, sa'an nan aka ƙara layi na biyu na itatuwan. Wato inda taƙi ɗaya na ƙasa ke da tsadar gaske, an bar wa itace fili. Dalili kuwa a fili yake: mai saye in ya sami inuwa ba ya gaggawa, wanda ba ya gaggawa kuwa shi ne ke leƙa kanti.

Muna tafe muna tuna gida. Duk wanda ya san Marwa ya san yadda darbejiya da maɗaci suka lulluɓe titunanta, kuma waɗanda suka dasa su da yawa ba su sha inuwarsu ba. To, mu fa? A unguwanninmu irin su Birketiri ta Yawunde, sau nawa muka sare itace don ƙara rumfa ɗaya, sa'an nan mu zauna ƙarƙashin kwano muna kuka da zafi?

Ba mu ce sai mun zama Faris ba. Amma in damina ta faɗi, kowane mai shago ya dasa ɗaya a ƙofarsa, ya kewaye shi da tubali saboda awaki, ya ba shi ragowar ruwan buta. Jikokinmu za su sa mana albarka. Allah ya sa mu dace, amin.