Saƙon da ba ya jiran sabis



Wayar da ke hannunka ba ta iya yin magana kai tsaye da wayar wanda kuke zaune a tabarma ɗaya. In ka tura masa saƙo, sai ya tafi turken sabis, ya ratsa na'urorin kamfani, sannan ya dawo ya same shi. Ranar da turken ya tsaya, wayoyinku biyu sun koma tocila da agogo. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa sun ga haka a 2013, lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Satumba na 2021 kuma aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Har wasiƙar hannu ta dawo, ana ba direbobi a tasha.

Waccan rufewa ta ɗan lokaci ce. Akwai ƙauyukan da su kullum a rufe suke, namu kuwa yana cikinsu. Yana kudancin jihar Katsina, kusan kilomita 14 daga garin da nake zaune. Mai son kira sai ya fita bayan gari ya hau wani tudu, ya ɗaga waya sama yana lalube. Da rana wannan ba komai ba ne. Da dare kuwa, a halin da ake ciki, babu mai hankalin da zai fita bayan gari. Inna tana can da ƙanena, kuma tana fama da hawan jini. Daga magariba zuwa asuba, duk abin da zai same ta ba ni da hanyar sani. Wannan ne ya kai ni ga wata 'yar na'ura mai aiki da manhajar da ake kira Meshtastic.

Na'urar ba ta fi kwalin ashana biyu ba, da 'yar eriya kamar yatsa. Rediyo ce mai aikawa da karɓa, kamar wayar oba-oba, sai dai rubutu take ɗauka maimakon murya. Ba ta son sim, ba ta son kati, ba ta son data. Wayarka za ta haɗu da ita ta Bluetooth, ka rubuta saƙo a manhaja, ita kuma ta cilla shi a iska. Fasahar da take amfani da ita sunanta LoRa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ne ya ƙirƙiro ta a Faransa, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Siginar LoRa tana tafiya kamar fito, tana tashi daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa mai karɓa yake iya tsinto ta ko da ta yi raunin da hayaniyar iska ta rufe ta. Da haka take cin nisa da ɗan ƙarfin batir. Abin da aka sadaukar shi ne sauri: a tsarin da take zuwa da shi, wanda ake kira LongFast, kusan kilobit 1 take turawa a daƙiƙa. Hoto ko murya ba su da wurin zama.

Ita kuwa Meshtastic, wani injiniyan manhaja mai suna Kevin Hester ne ya fara ta a farkon 2020, kyauta ce, kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta. Dabararta ita ce kowace na'ura 'yar aike ce ga saura. In ta ji saƙon da ba ta taɓa ji ba, sai ta ɗan dakata. In ba ta ji wata ta maimaita shi ba, sai ita ta maimaita. Haka saƙo yake tafiya zango-zango kamar ayarin fatake. Zango 3 aka yanka masa tun daga farko, ana iya ƙarawa har zuwa 7. Wannan saƙa ta na'urori ita nake kira raga.

Haɗa ta bai ɗauke ni awa guda ba. Na sayi guda huɗu: Heltec V3 biyu masu ɗan gilashin rubutu, domin ni da ƙanena, da RAK4631 biyu domin ɗorawa a sama, saboda su ba su cin batir sosai. Dokar farko: a ɗaura eriya kafin a ba ta wuta, domin in ta aika sigina babu eriya tana iya ƙonewa. Daga nan sai a jona ta da kwamfuta da kebul mai ɗaukar data, a buɗe shafin Meshtastic a Chrome, a zuba mata manhajar. Nan ne kaɗai ake buƙatar intanet, sai kuma wajen sauke manhajar waya. Sai a kunna Bluetooth, lamba 6 za ta fito a gilashin, a shigar da ita a waya. Har yanzu ba za ta ce uffan ba sai an zaɓa mata yanki, wato mitar da za ta yi magana a kai. Najeriya tana yanki ɗaya da Turai a rabon mitoci na duniya, ni kuma masu megahaz 868 na saya, don haka tsarin Turai na zaɓa. Duk na'urorin raga ɗaya dole su zama a yanki ɗaya da tsari ɗaya, in ba haka ba ko suna ɗaki ɗaya ba za su ji juna ba. Hukumar sadarwa ta NCC ce ke kula da mitoci da na'urorin sadarwa a ƙasar nan, saboda haka mai niyya ya nemi bayanin ƙa'idarta kafin ya kashe kuɗinsa.

Abu biyu na gyara kafin na fita da su daga ɗaki. Na farko, tashar da na'urar take zuwa da ita makullinta sananne ne ga duk duniya, duk mai irin na'urar zai karanta abin da ka rubuta. Sai na buɗe tamu tashar da sabon makulli, irin sirrin da ake kira AES-256, na raba wa sauran ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR. Na biyu, na kashe sanar da wuri. Manhajar tana iya nuna inda kowa yake a taswira. Ga masu yawon hawan dutse a ƙasashen waje wannan alheri ne, amma a wajenmu ba abin da za ka so ya riƙa yawo a iska ba ne.

A cikin gari, na'ura a hannu, mun ji juna da ƙanena har kusan kilomita 1, daga nan shiru. Gidaje da rufin kwano suna tare siginar, domin a wannan mitar kusan sai eriya tana hangen 'yar uwarta. Akwai lissafi mai sauƙi da muka yi a foliteknik: a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, eriya mai tsayin mita 2 tana hangen kusan kilomita 5 kafin doron ƙasa ya tare ta, mai tsayin mita 9 kuma kusan kilomita 11. Tsawo ya fi ƙarfin wuta amfani nesa ba kusa ba. To ni ɗakin haya nake, a ƙasa. Ba ni da bene, ba ni da tanki, ba ni da tudu. Duk wurin da ya isa a ɗora na'urar nan na wani ne.

Daga nan ainihin aikin ya fara, shi kuwa ya ci mako biyar. Wurare biyu nake buƙata: saman wani bene a bakin gari, da tankin burtsatse na wani ƙauye da ke tsakaninmu da namu. Mai benen dattijo ne, abokin mahaifina. Ya juya na'urar a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ba irin abin da infoma suke amfani da shi ba ne?" Na ce, "Baba, ga ta nan, ka riƙe wayata ka ga duk abin da ke shiga da fita." Ya ce ya ji, amma sai mai unguwa ya sani.

Tambayarsa ba ta ba ni haushi ba, domin tana kan hanya. A yankin da ake kwana da ido ɗaya, baƙon akwati mai eriya a saman gini yana iya jawo wa mai gidan zargin da ba zai iya wanke kansa daga shi ba. Kuma gaskiya ne, abin da zai kai saƙon mara lafiya zai iya kai saƙon mugu. Rediyo ba ta san mai kirki ba. Don haka na je wajen mai unguwa da rana tsaka, a gaban jama'a. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake so in ɗora, ga dalilina, ga mutanen da za su riƙe." Ya sa na tura saƙo a gabansa, ɗansa ya karanta a ɗaya wayar daga ƙarshen layi. Ya haɗa ni da shugaban 'yan banga, aka kuma sanar da jami'an tsaron yankin. Sharaɗi biyu aka gindaya mini, na kuma karɓa: a san sunan duk mai riƙe da na'ura, kuma duk ranar da hukuma ta ba da umarnin rufe sadarwa saboda tsaro, ni da hannuna zan sauke su.

A ƙauyen tsakiya ma haka aka yi da dagaci, sai dai shi tambayarsa daban ce: "To mu me za mu samu?" Su ma ba su da sabis. Muka yi magana, matasan garin suka haɗa kuɗi aka ƙaro guda ɗaya, tana wajen mai kemis ɗinsu. Tun daga ranar tankin ya samu masu gadi da ban ɗauka aiki ba. Yaro bai isa ya jefi akwatin da dutse ba.

Na saman biyu na saka su a farin akwatin roba da ruwa ba ya shiga, da batir 18650 da ɗan farantin sola, na ɗaure a gora mai tsawo. Akwatin na ɓoye shi a inuwar farantin, domin irin wannan batir ba a son a caja shi a zafin da ya haura digiri 45, kowa kuwa ya san yadda saman kwano yake a watan Afrilu. Saƙo yana tashi daga ɗakina ya hau bene, ya sauka a tanki, ya isa hannun ƙanena. Da rani yana zuwa cikin 'yan daƙiƙu. Da damina, da itatuwa suka yi ganye dawa ta fi mutum tsawo, sai zangon ƙarshe ya fara yankewa, domin ɗanyen ganye yana shanye sigina. Ƙanena ya ɗaga tasa a gora a bayan ɗakin Inna, magana ta dawo.

Saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 200 ko kusa da haka. Harafin boko na yau da kullum bayit 1 ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci, haka ma haruffan ajami. Duk da haka ban yarda a jefar da lanƙwasa ba, domin a saƙon gaggawa akwai bambanci tsakanin kafa da ƙafa. Abin da aka rage shi ne doguwar gaisuwa. Inna ba ta ji daɗin wannan ba. Ta sa ƙanena ya rubuto mini: "Ta ce wace irin waya ce wannan da ba a tambayar gajiya?" Yanzu saƙon safe na gaisuwa ne zalla, nata ne, ba a haɗa shi da komai.

Wani dare a watan Agusta, wajen ƙarfe 2, wayata ta yi ƙara. "Yaya, Inna na jiri, kanta na sarawa, maganinta ya ƙare tun jiya." Na tura wa mai kemis na ƙauyen tsakiya, shi ma ya ga saƙon don tasharmu ɗaya. Ya ce yana da irin maganin da likita ya rubuta mata, da na'urar awon jini. Babu wanda ya fita a daren. Ƙanena yana rubuto mini halin da take ciki duk bayan rabin awa, ni kuma na shirya mai mota. Gari na wayewa mai kemis ya isa da babur ya auna ta, mota ta same su, kafin ƙarfe 8 tana asibiti. A da, sai hantsi labarin zai iso ni.

Kada wani ya ɗauka wannan na'ura ta maye gurbin sabis. Saƙo yakan ɓace a hanya, sai an sake turawa. In mutane suka yi yawa suna surutu, iskar takan cushe. Wanda bai iya karatu ba sai ya nemi mai karanta masa. In aka sace guda ɗaya, makullin tashar yana cikinta, dole a canza shi a duk sauran. Ƙauyukanmu har gobe suna buƙatar turken sabis na gaske, da tsaron da zai sa mutum ya fita da dare ba tare da fargaba ba.

Amma ga wanda yake da uwa ko ɗa a inda waya ba ta shiga, shawarata ita ce kada ya fara da kasuwa. Ya fara da tafiya a ƙafa tsakanin gidansa da can, yana duba sama: ina bene, ina tanki, ina tudu, kuma na wane ne? Ya je ya gaishe su, ya faɗi abin da yake so a fili, ya ji abin da su ma suke buƙata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ragarmu yanzu na'ura biyar ce, uku daga ciki suna hannun mutanen da ba danginmu ba ne, kuma ta kan rufinsu gaisuwar Inna take biyowa kowace safiya.

Mai tambaya a kan haɗawar ya ajiye ta a ƙasa, zan amsa gwargwadon abin da na gwada da hannuna. Sai mun haɗu a mako na gaba.